Akwai Baƙin da Ya Fi Baƙi

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ya san ruwan zafi a garin nan ba gata ba ne, larura ce. Muna zaune ne a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma in hunturu ya kankama akwai daren da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Kafin a yi alwalar asuba sai an hura gawayi ko an kunna gas. Amma da hantsi ya ɗaga, in dai hazo bai rufe sama ba, rana kan zubo wa kowane murabba'in mita na rufin gida ƙarfin da ya doshi wat 1,000, ba ko sisi. Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, na kuma daɗe ina jin takaicin wannan asara. Shi ya sa wata shekara na je Dilimi wurin wani mai walda ya haɗa mini akwatin ɗumama ruwa: farantin ƙarfe, bututu a jikinsa, gilashi a sama.

Da aka zo shafa fenti sai na tambaye shi ko akwai baƙin da ya fi na gwangwanin da ya buɗe. Ya ɗago ya dube ni, burushi a hannu. "Haba Malam, baƙi ai baƙi ne. Sai dai ka ce mai ƙyalli kake so ko marar ƙyalli."

A ido, gaskiyarsa ce. Baƙin fenti mai kyau yana shanye kusan kashi 95 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Matsalar ita ce abin da ya karɓa da dama, da hagu yake mayarwa. Tun wajen 1860 Bajamushe Gustav Kirchhoff ya nuna cewa duk abin da ya iya shan wani irin haske, to ya iya fitar da irinsa daidai gwargwado. Faranti in ya ɗauki zafi haske yake fitarwa, sai dai wanda ido ba ya gani, irin wanda kumatu ke ji in mutum ya matso da dutsen guga kusa da fuska. Sunansa infirared. In baƙin faranti ya kai digiri 100 a fili, kowane murabba'in mita nasa yana zubar da kusan wat 600 ta wannan hanya kaɗai, ban da abin da iska ke kwasa. Fiye da rabin abin da rana ta bayar ke nan. Shi ya sa ruwan kan yi ɗumi, ya yi zafi, daga nan ya cije.

Mafitar tana cikin abin da masu sauraron rediyo suka sani tun tuni. Wanda ya tashi yana jin ana cewa a kama tasha a gajeren zango, mita 19 ko mita 25, ya riga ya san tsawon zango: mita 19 ɗin nan tazara ce tsakanin tozon igiya ɗaya da na wadda ke biye da ita. Haske ma igiya ce irin ta rediyo, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai. Wanda ido ke gani yana tsakanin nanomita 400, wato shunayya, da nanomita 700, wato ja. Kafin a sami nanomita ɗaya sai an raba milimita gida miliyan, kuma kaurin gashin kai guda ya ninka zangon jan haske wajen sau 100. Rana, da yake zafin fuskarta ya kai digiri 5,500, kusan dukkan ƙarfinta yana zuwa ne tsakanin nanomita 300 da 2,500. Farantin da ke tafasa ruwa kuwa can nesa yake fitar da nasa, wajen nanomita 8,000. Akwai fili tsakani. Abin da ake nema ke nan: shafen da zai zama baƙi ƙirin daga 300 zuwa 2,500, daga nan kuma ya rikiɗe ya zama madubi, ya ƙi sha ya ƙi fitarwa.

Harry Tabor ya nuna a Isra'ila a 1955 cewa hakan mai yiwuwa ne, ta hanyar shimfiɗa siririn baƙin shafe a kan ƙarfe mai sheƙi. Dogayen kwalaben nan masu duhun shuɗi da ake hangowa a rufin wasu otal-otal da gidajen unguwar Rayfield jikokin aikinsa ne. Suna shan sama da kashi 90 na hasken rana, abin da suke zubarwa kuwa bai kai ɗaya bisa goma na abin da fenti ke zubarwa ba. A ƙasar Hausa ma ba yau aka fara tunanin kama rana ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, wanda kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ita ma ta daɗe a kan na'urorin busar da amfanin gona.

Sabuwar hanyar da ake bi yanzu ta ɓullo ta wani gefe. Maimakon a nemi sinadarin da ya fi baƙi, sai a nemi siffar da haske zai shiga ya rasa mafita. Halittun Allah sun riga mu. A 2013 masu bincike daga jami'o'in Kiel da Bonn a Jamus suka duba fatar wani macijin kurmin Afirka ta Yamma, dangin kasa, a madubin ƙara girma, suka tarar baƙaƙen tambarin bayansa cike suke da ƙananan tsinaye masu zara-zaran layuka, haske na faɗawa tsakaninsu ya yi ta karo har ya ƙare. A 2018 wasu suka shafe gashin wasu baƙaƙen tsuntsayen tsibirin Niyu Gini da zinariya, gashin ya tsaya baƙi abinsa. Ashe baƙin ba a rini yake ba, a ƙira yake.

Metamatiriyal shi ne irin wannan ƙira in ɗan Adam ya yi ta da gangan. Ana zana ƙananan siffofi, kowace ba ta kai tsawon zangon hasken da za ta tara ba, a jera su dubbai bisa tsari, har hasken ya kasa bambance su ɗaya-ɗaya, ya ɗauke su wani sabon abu mai halin da babu shi a ƙarfen da aka yi su da shi. Baturen Rasha Victor Veselago ya yi lissafin irin waɗannan abubuwa a takarda a 1967, aka bar maganar ta yi ƙura shekara 30. John Pendry na Kwalejin Imperial a Landan ya fito da siffar zobe mai tsaga a 1999, David Smith da abokansa a San Diyego suka ƙera na farko a 2000. Jaridu sun fi ɗaukar labarin layar zana da aka gwada a Jami'ar Duke a 2006. Amma abin da ya fi kusa da amfanin yau da gobe ya zo ne a 2008, lokacin da Nathan Landy, Willie Padilla, Smith da abokan aikinsu, cikinsu har da mai sunan Yarabawa, Soji Sajuyigbe, suka zana tagulla a kan allon lantarki suka sami abin da ke shanye sama da kashi 88 na igiyar da zangonta ya kai santimita biyu da rabi. Irin igiyar da kwanon satalayit na gidanka ke kamawa ce.

Ginin hawa uku ne. A sama akwai zanen ƙarfe, a tsakiya abin da lantarki ba ya bi, gilashi ko roba, a ƙasa kuma wani ƙarfen, wanda masu biyo baya suka mai da shi faranti sukutum don kada komai ya wuce. In igiya ta sauko, wani sashe nata yakan yi tsalle ya koma tun daga sama. Sauran ya shiga, ya bugi ƙasa, ya dawo. In zanen da kaurin tsakiyar sun dace, tozon waccan zai haɗu da kwarin wannan, su kashe juna. Ba abin da ya koma, ba abin da ya wuce, ƙarfin ya tsaya yana kai-komo da ƙwayoyin lantarkin da ke cikin ƙarfen har ya zama zafi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kowace siffa eriya ce, kuma kowace eriya da zangonta. Abin Landy zango ɗaya tak yake sha, a matsa kaɗan sama ko ƙasa ya koma madubi. Rana kuwa da dukkan zangunanta take zuwa lokaci guda. Dabarar farko da ta zo wa mutane ita ce a cakuɗa manya da ƙanana. A 2011 Koray Aydin da Harry Atwater a Caltech suka zana layukan azurfa masu faɗi a gindi da tsukewa a kai, faffaɗan ɓangaren ya kama ja, siririn ya kama shuɗi. Duk ginin kaurinsa nanomita 260, ya kuma sha kashi 71 na hasken da ido ke gani. Ba laifi. Amma eriya biyu in suka kusanci juna kowace tana canza halin 'yar'uwarta, ka gyara nan can ya karkace. Ga kuma iyakar da wani Baturen Rasha, Konstantin Rozanov, ya tabbatar da lissafi a 2000: iya faɗin zangon da kake so ka sha, iya kaurin da dole ka bayar. Babu wayon da zai tsallake wannan. Abin da ya rage shi ne a kusanci iyakar, kuma nan ne ƙwaƙwalwar mutum ke gajiya.

Bari mu ƙirga. A ɗauki gida ɗaya na zanen a raba shi layi 10 a tsaye, 10 a kwance, ya ba da ƙananan akwatuna 100. Kowane akwati ko a sa masa ƙarfe ko a bar shi fayau. Yawan zanen da za a iya fitarwa shi ne 2 a ninka ta da kanta sau 100, lambar da sai an jera alƙaluma 31 kafin a rubuta ta. Da za a sami kwamfutar da ke gwada zane miliyan ɗaya kowace daƙiƙa, da za ta shafe shekarun da suka ninka shekara biliyan 13.8 da masana ke ba sararin samaniya kusan sau miliyan 3. Ba a ma zo maganar kaurin kowane hawa da irin ƙarfen ba. Kuma babu kwamfutar da ke gwada miliyan a daƙiƙa. Gwajin zane ɗaya yana nufin warware lissafin haske da James Clerk Maxwell ya rubuta a 1865, galibi ta hanyar da Kane Yee ya tsara a 1966, inda ake yanka sararin gunduwa-gunduwa a bi igiyar taki-taki. Wannan kan ci mintoci, wani lokaci sa'o'i.

Saboda haka ba a gwada duka. Ana lalube ne, amma lalube mai tsari, kuma tsarin shi ake kira algoridim na neman mafi kyau.

Wanda ya fi suna John Holland na Jami'ar Mishigan ne ya shimfiɗa shi a littafinsa na 1975, ya kuwa ɗauko shi kai tsaye daga yadda gado ke tafiya a cikin halittu. Kwamfuta takan fara da zane, a ce 50, duk na kan-mai-uwa-da-wabi. Ta gwada kowanne ta ba shi maki: kashi nawa ya sha daga wannan zango zuwa wancan. Ta zubar da raggwaye. Cikin waɗanda suka yi abin kirki ta riƙa ɗaukar biyu-biyu, ta yanko rabin wannan ta haɗa da rabin wancan, a sami ɗa. Nan da can kuma ta juya akwati ɗaya da gangan, inda akwai ƙarfe ta cire, inda babu ta sa, don kada zuri'ar ta zama iri ɗaya ta tsaya cik. Sai a sake gwaji, a sake ba da maki, a sake haɗawa. Tsara ta farko abin dariya ce. Bayan tsara ɗari ko ɗari biyu sai a wayi gari da zanen da ba wanda ya zana shi, ba kuma wanda zai iya bayyana dalilin kowane lungu nasa, amma yana aiki.

Hukumar NASA ta nuna wa duniya haka a watan Maris na 2006, da ta harba taurarin ɗan Adam na ST5 ɗauke da wata lanƙwasasshiyar waya a matsayin eriya, wadda irin wannan tsari ya fitar. A fagen shan haske, aikin da nake yawan komawa kansa shi ne na Jeremy Bossard, Douglas Werner da Theresa Mayer na Jami'ar Jihar Pensilbeniya, 2014. Sun bar wa kwamfuta zanen hawa ɗaya tak, ta fito da siffar da ke ɗauke da eriyoyi da yawa a cuɗe, zangon kowace na hawa kan na maƙwabciyarta. Da aka ƙera aka auna, ya sha sama da kashi 98 daga nanomita 1,770 zuwa 4,810, ko da hasken ya karkata digiri 45 ta kowane gefe. Abin da ya fi burge ni a aikin ba na kwamfutar ba ne. Sun ajiye zinariya suka ɗauki faladiyam, don faladiyam ya fi ta ɓarnar lantarki a wannan zango. Mai haɗa waya zai kira wannan aibi. Wanda ke so haske ya mutu a cikin ƙarfe kuwa, aibin shi ne abin nema.

Shi wannan tsarin lalube yana da rauni, kuma ɗalibaina sukan fi gane shi in na kai su duwatsun Shere da baki. A ce an sauke ka a can da hazo ya yi kauri, ba ka ganin abin da ya wuce taki biyar, aka ce ka nemo ƙololuwar da ta fi kowace tsayi, mai mita 1,829. Dabararka ɗaya: ka taka inda ƙasa ta ɗaga. Za ka yi ta hawa har ka zo inda ko'ina ka juya gangara ne, ka ce ka iso. Alhali ƙila kan ɗan tsauni kake, babban yana can bayan kwari, kuma ba ka zuwa wurinsa sai ka yarda ka sauka tukuna. Duk hanyoyin neman mafi kyau amsa ce ga wannan hazo. Ta Holland takan watsa mutane 50 ko'ina, ta riƙa ɗauke waɗanda ke ƙasa tana saukewa kusa da na sama. Wadda James Kennedy da Russell Eberhart suka fitar a 1995, bayan nazarin tashin garken tsuntsaye, takan sa kowa ya riƙa kwala kira yana faɗin tsayin da ya kai, kowa kuma ya karkata tsakanin wuri mafi tsayi da shi ya taɓa takawa da inda kiran mafi tsayi ke fitowa. Akwai ta uku, wadda masu zanen gadoji da fikafikan jirgi suka goge a kanta, irin su Ole Sigmund na Denmak, kafin masu haske irin su Jelena Vuckovic ta Stanford su ɗauka. Ita mutum ɗaya take turawa, amma ta ba shi sanin gangaren kowace fuska a lokaci guda. Gwaji biyu kacal, ɗaya a tura hasken gaba, ɗaya a mayar da shi baya, sun isa su nuna yadda taɓa kowane akwati zai canza maki, ko akwatunan sun kai miliyan. Tana da sauri ainun, amma ita ta fi kowace saurin maƙalewa a kan ɗan tsauni, don haka sai a yi ta sake sauke ta a wurare dabam-dabam.

A 'yan shekarun nan an ƙara da ƙirƙirarriyar basira: a ciyar da ita zane dubbai da makinsu har ta koyi cankar maki cikin ƙiftawar ido. Tana rage jira. Amma sai an fara yin gwaje-gwajen dubban nan, kuma in aka kawo mata siffar da ba ta taɓa ganin danginta ba, za ta ba da amsa da ƙarfin hali ko ba daidai ba ne.

A nan zan faɗi ra'ayina. Kwamfuta ba ta san abin da kake nufi ba, abin da ka rubuta a maki kawai ta sani. Ka ce ta sha haske, ka mance ka ce hasken na iya zuwa a karkace, za ta ba ka abin da ke aiki da tsakar rana tsaka kaɗai. Ka mance ka gaya mata iyakar na'urar ƙira, za ta zana maka akwatuna biyu da suka taɓa juna a kusurwa kawai, ko layin da ya fi ƙarfin kowace masana'anta siranta. Shi ya sa in na ga takarda tana shelar kashi 99 da ɗigo kaza, abin da nake fara dubawa shi ne an ƙera an auna, ko a cikin kwamfuta abin ya tsaya. Masu tsayawa a kwamfuta suna da yawa. Waɗanda aka ƙera ɗin ma, galibi da na'urar da ke zane da tsinin ƙwayoyin lantarki ne, layi bayan layi, a ɗakin da ko ƙwayar ƙura ba a bari ta shiga, kuma abin da ake samu sau da yawa bai kai faɗin farce ba.

Sai kuma wani ruɗani da ya kamata mai sayen sola ya kiyaye. Shan haske dabam, ba da wuta dabam. Hasken da ya mutu a cikin ƙarfe zafi ya zama. Farantin sola yana ba da lantarki ne in hasken ya mutu a cikin silikon, kuma tun 1961 William Shockley da Hans Queisser suka nuna cewa faranti mai hawa ɗaya ba zai wuce wajen sulusin ƙarfin rana ba, komai baƙinsa. Don haka in wani ya ce maka farantinsa na shan kashi 99, bai ce maka komai a kan cajin batir ba. Inda waɗannan baƙaƙen ke da kasuwa shi ne kyamarar da ke ganin zafin jiki cikin duhu, na'urar sansano iskar gas (iskar mitan tana shan haske a wajen nanomita 3,300, kabon dayoksaid a wajen 4,300), ɓoye jirgi daga rada, da tara zafin rana. A 2016 masu bincike a Jami'ar Nanjin ta ƙasar Sin suka yi wani siririn baƙin faifai mai yawo a kan ruwa yana mai da shi tururi, ya sha kusan kashi 99, kuma ba kwamfuta ce ta zana shi ba, ƙwayoyin zinariya ne suka jera kansu a cikin ramuka. Ba kowace ƙofa ce sai da wannan mabuɗi ba. Mai busar da tumatirin Farin Gada ya zama kauɗa, digiri 60 ya ishe shi, fenti ma ya wadatar. Sai an nemi tururi ko zafin da ya haura digiri 150 ne bambancin ke fitowa fili.

In zafin ya yi yawa kuma, zinariya da azurfa sukan ba da kai. Zinariya tana narkewa a digiri 1,064, amma in an yanka ta ƙanana haka, tun kafin nan siffar ke dunƙulewa. A 2014 rukunin Vladimir Shalaev da Alexandra Boltasseva a Jami'ar Purdue suka koma ga taitaniyam naitiraid, wanda sai ya haura digiri 2,900 yake narkewa. Kowane mai walda ya san shi da ido ko bai san sunansa ba: shi ne ruwan zinariyar nan da ke jikin bakin dirila mai tsada. Suka zana zobba masu kusurwa huɗu, duk ginin nanomita 240, ya sha wajen kashi 95 daga nanomita 400 zuwa 800, aka gasa shi a digiri 800 ya fito lafiya.

Taitaniyam kuwa muna takawa a nan. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka buɗe haƙar kuza a wannan tudu, suka bar mana tafkuna da tsibin yashi daga Bukur zuwa Barikin Ladi. In ka tsuguna a gindin ɗaya daga cikin tsibin nan bayan ruwan sama, za ka ga baƙin yashi ya kwanta layi-layi inda ruwa ya bi. Ɗebi a tafin hannu, ya fi yashin gini nauyi, yana ɗan walƙiya. Cikinsa akwai ilminait, uwar taitaniyam, akwai zakon, akwai ragowar kwalambait ɗin da a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Akwai kuma monazait mai fitar da tururin nukiliya, dalilin da ya sa masana ke gargaɗin kada a yi yaɓen ɗaki da shi. Har yau ana wanke wannan yashi, injin maganaɗisu ya rarrabe shi, a ɗura a buhu a yi waje da shi.

Amma kada mu ruɗi kanmu da cewa arzikin yana cikin buhun. Shimfiɗa mai kaurin nanomita 240 a kan murabba'in mita guda ba ta wuce nauyin giram ɗaya da 'yan kai ba. Buhu ɗaya zai rufe unguwa. Kuɗin yana wurin wanda ya san wace siffa, da wanda ke da injin shimfiɗa ta.

Injin ya yi mana nisa a yanzu, zanen kuwa bai yi ba. Manhajar Meep mai gwada zane da lissafin haske, wadda aka rubuta a jami'ar MIT, kyauta ce, kowa na iya saukewa. Akwai ma aikin da ya fi wannan sauƙi: a bar zane gaba ɗaya, a jera shimfiɗu biyar ko shida sumul, ƙarfe da gilashi bi da bi, a bar wa kwamfuta ta nemo kaurin kowace. Lissafin wannan ƙaramar kwamfutar cinya tana yin dubbai a minti, kuma ana ƙera shi da irin injin da ke shafe gilashin taga mai faɗin mitoci a masana'anta. Ɗalibin ajin ƙarshe a Jami'ar Jos zai iya ɗaukarsa aikin kammala digiri, ga Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a kan titin Zariya in ana neman masu sanin halin ƙarfe.

Da ni zan tsara masa makin, ba zan nemi kashi 99 ba. Zan ce ya ba da lada a kan abin da aka sha daga nanomita 300 zuwa 2,500, ya ci tara a kan duk abin da aka fitar bayan nan. Ya auna da rana a karkace, don faranti a kafe yake, rana kuwa tana tafiya daga gabas zuwa yamma, tana kuma ratsawa ta arewacinmu daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, sauran watanni ta kudu. Ya hana kwamfutar taɓa zinariya da faladiyam, ta tsaya a alminiyam, kuromiyam, taitaniyam da baƙin ƙarfe. Kowane zane ya gwada shi sau da dama da kuskuren kashi 10 a kaurin shimfiɗun, a ba shi makin gwajin da ya fi muni, domin injin da za a samu ba zai zama sabo ba. Sannan ya ɗora ƙurar hunturu a saman gilashin cikin lissafin, ya kuma bar wa gilashin kaurin da zai jure ƙanƙarar da kan zo mana da ruwan farko.